An Ɗaga Carbin Kawu Sama

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawuna dai ya riga mu. Da hantsi muka kai shi makwancinsa, cikin zafin bazara, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida. Ni aka ba buta da kwanon ruwan sha, don haka duk wanda ya zo ta'aziyya na ji abin da ya faɗa.

Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya juya wajen ladan ya ce, "To yanzu lasifikar masallaci fa? Tana ɗakinsa bai gama ba." Wani Alhaji mai shago, cikin ƴan Damagaram ɗin nan na bakin kasuwa, ya ce, "Allah ya jiƙan mai gyara. Wallahi rediyona ma na wurinsa, mai baki biyu, a duba mini in an natsa." Wani tsoho da suka yi soja tare ya zo yana dogara sanda, ya tsaya ƙiƙam a ƙofar zaure ya sara wa ɗakin da ba kowa, yara suka yi ta dariya. Wanda ya yi kuka na gaske wani makiyayi ne daga Alakoss, wanda Kawu ke gyara wa rediyo a kan ƙwaryar nono. Ya zauna nesa da tabarma ya rufe fuska da rawani.

Can sai ga kat-kat, motar furoje, ƙungiyar nan mai aikin rijiyoyi. Shugabansu ya sauko, ya cire takalmi, ya yi fatiha kamar kowa. Da ya gama ya matsa kusa da yayan Kawu, wanda muke kira Kawu Babba, ya rage murya. Ina zuba masa ruwa na ji. Ya ce ordinatar da ke ɗakin marigayi aro ce, kayan biro ce, wato ofishinsu, direba zai zo ya ɗauka.

Mai gyaran rediyo, mai gyaran lasifika, tsohon soja. Duk Gure ba wanda ya ce uffan a kan Carbi, kuma shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. In ban faɗa ba, ba mai faɗa.

Ku tsaya in gaya muku mene ne Carbi, don wallahi abin ya isa a ji. Cikin ordinata, wadda ƴan Najeriya ke ce wa kwamfuta, akwai wani ɗan falle da ake kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar injin. To waɗannan sababbin da suka fito cikin shekarun nan, masu ƙera su sun ɓoye wasu ƴan ma'auna a ciki, suna ƙirga duk abin da furosesa ya yi. Umarni nawa ya cika. Sau nawa ya laluba aljihunsa bai tarar da abin da yake nema ba sai da ya je rumbu ya ɗebo. Aljihu da rumbu, haka Kawu ke kiran ƙaramar ma'ajiya mai sauri da babbar ma'ajiya mai nawa, kuma ban taɓa jin littafin da ya fi shi iya faɗa ba. Ma'aunan nan suna nan suna ƙirgawa, amma ba mai ganinsu sai wanda ya rubuta furogaram da zai tambaye su. Kawu ya rubuta. Shi kaɗai, a ɗakin ƙasa mai rufin kwano, da wani littafin Faransanci da wani anasaran furoje ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu. Ya sa masa suna Carbi, wai don ya gano injin ma yana jan nasa carbin a ɓoye.

A soja ya koyi waya da rediyo, ordinata kuwa sai da furfura ta fito masa ya fara taɓa ta. Furoje na kiransa in injinsu ya shaƙi yashi ya ƙi tashi, to da haka suka ba shi aron ɗaya ya riƙa gwaji a gida.

Ni kuwa lekwal, makarantar boko, ita ce ta kore ni ba tare da ta kore ni ba. Yajin aiki bayan yajin aiki, aka ce mana farar shekara, wato karatun bana ya tafi a banza, babana ya ce in tafi gonar dangi a Gidigir. Kawu ya zo gidanmu da goro ya zauna da Innata, ƙanwarsa, ya ce, "A ba ni wannan Mushen. Hannunsa bai yi kama da na hauya ba." Tun ranar nan bai ƙara kirana da sunana ba, sai Mushe, yadda ake kiran malamin lekwal, ko in ya so tsokana ya ce Mushe mai farar shekara.

Ranar farko da na shiga ɗakin ya nuna mini wani layi da ya ja a ƙasa da farar ƙasa, ya raba ɗakin biyu. Gabas rediyo da lasifika, yamma ordinata. Ya ce, "Lasifika da disket kura da akuya ne. Maganaɗisun da ke bayan lasifika yana lashe rubutun disket kamar yadda akuya ke lashe gishiri. Ka tsallaka layin nan da disket a hannu, ka koma Gidigir." Disket ɗinsa kuwa, fallayen nan da ake adana aikin ordinata a ciki, a cikin wata tukunyar ƙasa yake aje su, ƙarƙashin tebur, ya binne gindinta cikin yashi yana yayyafa ruwa, don ƙasa ta fi sanyi, sama kusa da kwano wuta ce. Kuma kowane disket, kafin ya rubuta masa komai, sai ya rubuta bisimilla da ajami a jikin takardarsa. Haka yake yi wa komai, har batir sabo. Ɗakin kuwa ba mai shiga sai ni. Matarsa, Iya, tun da aka kawo ta gidan iyakarta bakin ƙofa, ta ajiye fura ta yi sallama ta juya.

Yanzu ga inda muka saɓa. Ma'aunan da ake iya zaɓa wa aiki biyu ne kacal, abubuwan da ake son ƙirgawa kuwa sun fi yatsun hannu da na ƙafa. Sai Kawu ya zaɓi abu biyu, ya danna, ya tayar da aikin da ake gwadawa, ya jira ya ƙare, ya kwafi lambobi, ya canza wasu biyun, ya sake tun daga farko. Haka zai wuni. Kuran ɗinmu, wato lantarki, kun san halinsa, in ya ɗauke a tsakiya shi ke nan, gobe a sake. Ana kiran la'asar yana tsakiyar ƙirga, ya yi ta tsaki yana duban ƙofa, jam'i ya wuce shi.

Na karanta cikin littafin nan cewa ana iya koya wa furogaram ya karanta jerin umarni daga fayil, ya bi su ɗaya bayan ɗaya shi kaɗai. Sikirif suke ce masa. Ban yi barcin rana ba don murna. Na ce, "Kawu, mu ƙara wa Carbi wannan! Ka rubuta masa abin da kake so, ka tashi ka yi tafiyarka."

Bai ko juyo ba. "Wato in ɗaura wa sa takarda a ƙaho in ce ya kai kansa rijiya."

"Sa ba ya karatu, Kawu. Wannan yana yi."

"In ya yi kuskure fa, wa ya gani?"

"Kai ma kana yi, jiya ka kwafi layi ɗaya sau biyu."

Sai ya juyo. "Mushe, ni da kunnena nake jin injin nan. Na san kukansa in yana cikin wuya. Kana so ka mai da ni mai gadi?"

Na ce, "Ai yanzu ma injin ne ke kiwonka, ba kai ke kiwonsa ba. Ya hana ka sallah cikin mutane."

Ya nuna mini ƙofa da siririn ƙarfen walda da ke hannunsa. Na fita. Innata ta ce in koma in durƙusa, na koma na durƙusa, amma maganata ban janye ba, har yau ina kan bakana. Shi ma ya zauna kan nasa. Muka ci gaba da aiki kamar ba a yi ba, sai dai in zai tashi ya ce, "Tsare mini nan, mai sikirif."

Abin da baki bai iya ba ciwo ya yi. Hawan jini ya buge shi bayan damina, ya tashi, amma hannunsa na dama ya ƙi tsayawa. Zai danna harafi ɗaya ya danna uku. Ina ganinsa yana riƙe hannun da ɗaya hannun kamar wanda ya kama kaza, ina yi kamar ban gani ba. Wata ranar kasuwa ya ture allon haruffa gefe ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗan aiken nan naka. Yana jin Hausa?"

Na ce, "Duk yaren da muka koya masa."

"To ban yarda a aiki yaro da Faransanci a ɗakina ba."

Wayyo, wannan lokaci! Ni ke bugawa, shi yana kishingiɗe bayana yana gyara mini. Na koya wa Carbi ya buɗe fayil, ya ɗauki layi, ya gane kalmar farko, ya aikata. Kalmomin ma tare muka zaɓa. DUBA, ka faɗi abu biyun da za a ƙirga. FARA. TSAYA. RUBUTA, ya ajiye lambobin da kansa. SAKE, ya koma sama da wasu biyun. Muka yi ta faɗa a kan JIRA, ni na ce ba ta da amfani, shi ya ce inji mai sanyi da inji mai zafi ba ɗaya ba ne a kunnensa, a bar shi ya ɗan zauna kafin a soma. Na sa masa don a zauna lafiya. Da farko ɗan aiken ya yi ta shirme, in ya ga layin da ba komai sai ya tsaya cak kamar jaki a bakin kwalbati, Kawu ya yi ta dariya har da tari. "Ka ga ɗiyanka, Mushe? Shi ma farar shekara ya yi." Kalmar sikirif kuwa bai ƙara faɗinta ba, saƙo yake cewa. "Rubuta masa saƙo."

Ranar da ya yi aiki sosai, muka tayar da shi ana kiran la'asar, muka ja ƙofa muka tafi masallaci. A sahu ina jin Kawu yana motsi kusa da ni. Liman na sallamewa, mutumin da ba ya tashi sai ya ja carbinsa kaf ya zabura ya nemi takalmi, har ladan ya ce, "Lafiya, Malam?" Muka tarar da fuskar ordinata cike da lambobi, layi bisa layi, aikin wuni guda. Ya daɗe yana kallo. Washegari ya sa ni muka sake wasu da hannu don ya kama ƙarya, bai kama ba. Ya ce, "Bai ci amana ba." Daga nan ya sa na buɗe kan furogaram ɗin, can sama inda ake sa bayani, ya ce in rubuta: Carbi, aikin Kawu da ɗan ƙanwarsa. Na ce a sa sunaye. Ya ce, "Wanda ya san mu ya san mu."

Da saƙonnin nan ya gano abin da ya daɗe yana nema. Furoje na da wani lissafin rijiyoyi da ke cinye musu rabin wuni, gurup, injin ba da wuta, yana shan mai. Carbi ya nuna furosesa kusan kullum a hanyar rumbu yake, don lissafin yana ɗebo bayanai a tsallake maimakon a jere. Kawu ya sa babbar riga, na riƙe masa hannu muka je biro. Shugaban ya saurare shi da ladabi, ya sa aka kawo masa shayi, ya ce, "Malam, kar ka wahalar da kanka. Sababbin injuna na tafe daga Yamai." Shi ke nan maganar. Muka dawo, a gindin bedi Kawu ya tsaya. Ya ce, "Shayin dai ya yi daɗi."

Na roƙe shi ya ba ni kwafin Carbi in ajiye a gidanmu, in kai Damagaram in nuna wa masu ordinata. Ya ce, "Jariri ba ya fita kafin suna. Bai ƙare ba." Abin da ya yarda na ɗauka disket ɗaya ne mai saƙonni kawai, wai saƙo ba ɗa ba ne. A kan wannan, Allah ya gafarta masa, har yanzu raina na ɓace da shi.

To ya rasu. Direban furoje ya zo tun ba a yi sadakar uku ba, ya ɗauki ordinata da Carbi a cikinta. Na bi shi har mota ina cewa a bar ni in kwafe abu ɗaya, ya ce shi ɗan aike ne. Suka shafe ta fes suka zuba mata lissafin ma'aikata. Na ce ba komai, tukunya na nan.

Sai Kawu Babba ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya ce ba mai taɓa ko allura sai an yi arba'in an raba gado. Na je na durƙusa na ce ba na son komai sai tukunyar da ke ƙarƙashin tebur. A gaban mutane ya ce, "Ƙasar kabari ba ta bushe ba kana maganar tukunya? Ɗan mace ma da ba shi da gado?" Kafin magariba zance ya zaga unguwa wai Kawu ya binne wani abu a tukunya, ɗan ƙanwarsa ya sani. Innata ta yi kuka ta ce in rufa mata asiri in yi shiru. Na yi shiru. Kullum in wuce ƙofar ɗakin, rana na dukan kwano, ina lallashin kaina cewa ƙasan tebur da sanyi.

Na manta ɗakin yana da ƙofa ta ciki, wadda ke fita tsakar gida. Iya na takaba, ba ta fita ko'ina, ga ɗakin mijinta yana tara yashi.

Ranar da aka buɗe, na tarar an share ɗakin tas, har layin farar ƙasa ya tafi da tsintsiya. Na faɗa ƙarƙashin tebur. Tukunya wanke, a kife. Kawu Babba na tsaye bisa kaina yana jira ya ga zinariya. Sai muryar Iya daga bayan ƙofa, a hankali, "Ɗana, ƴan fallayen nan kake nema? Suna sama."

Na ɗaga kai. A kan katakon da ya fi kowane tsawo, dab da kwano, babbar lasifikar masallaci na kife, bayanta a buɗe yadda Kawu ya bar ta. A bisa maganaɗisun, ga ƙunshin farin ƙyalle.

"Na ga duk da sunan Allah a jikinsu," in ji Iya, "ga su a ƙasa inda ƙafa ke wucewa. Na ce haba, Malam ma ciwo ne ya sa ya manta. Na yi alwala na naɗe su na hau turmi na ɗora. Ka san har mannewa suka yi da kansu? Kamar sun san wurinsu."

Na hau na janye su, ina jin yadda ƙarfen ke riƙe su. Ƙyallen da zafi kamar an sauke daga tanda, wasu disket ɗin sun lanƙwashe.

Sakataren furoje mutumin kirki ne, ya bar ni na zauna gaban injin lokacin da suka tafi cin abinci. Injin Kawu ne, na gane shi da tabon walda a gefe. Na sa na farko. Ya yi gurnani, ya yi shiru, ya ce ba ya iya karantawa, in daina ko in sake. Na sake. Na sa na biyu, na sa na uku, har ƙyallen ya zama wayam. Sakatare ya ce, "Wani abu mai muhimmanci ne?" Na rasa ta inda zan soma, na ce masa a'a.

Na ƙarshe na sa nawa, mai saƙonni. Shi ya buɗe lafiya lau. Ga su nan: DUBA, JIRA, FARA, TSAYA, RUBUTA, SAKE, duk yadda Kawu ke bin aikinsa, da abin da yake fara dubawa da abin da yake bari ƙarshe. Saƙo cike da disket, wanda ake aika wa babu shi. Zan gwada in sake gina Carbi in na sami inji, na san ɓangaren da na buga da hannuna. Amma can ƙasa, inda yake magana da ma'aunan, Kawu ne ya yi tun kafin in zo, littafin kuma ya faɗa cikin rabon Kawu Babba, ya sa a akwati wai kayan tarihi. Lasifika an kai wa wani yaro a kasuwa ya gyara, tana kiran sallah. Alhaji ya karɓi rediyonsa. Kowa ya sami abinsa.

Da na dawo daga biro na shiga gaida Iya. Tana zaune kan tabarma da carbin Kawu na gaske a hannunta, na itace, wanda ya yi baƙi don ja. Ta ce, "Ka duba su? Ba abin da ya same su ko? Wallahi ko ƙura ban bari ta taɓa ba."

Na dubi carbin, na dubi hannunta.

Na ce, "Na duba, Iya. Sunan Allah na nan a jikinsu, ko ɗigo bai goge ba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da na bar su a ƙasa da ban yafe wa kaina ba."

Allah ka jiƙan Kawuna, ka sanyaya masa ƙasa yadda ya riƙa sanyaya wa tukunyarsa, ka ba Iya ladan niyyarta. Abin da ya ƙirga bai bar mana ba, kai ka san adadinsa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.